Dish Na Kawo Mini Landan, Ina Tashar Garinmu? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi babbar talabijin, ya kafa dish, yana ganin gumin ɗan ƙwallo a filin Ingila, amma labaran jiharsa sun gagare shi. Na zaɓi bakwai daga ciki.

"Assalamu alaikum, Malam. Na sayi talabijin mai inci 55, ina kuma da dish da nake biya duk wata. Tashoshin waje tar suke fitowa. Amma ni ARTV da NTA Kano nake so saboda labaran gida da tafsirin azumi da hawan sallah, kuma ba sa cikin jerin da nake biya. Wani mai shago ya nuna mini wata eriya a kwali, ya ce eriyar HD ce, kuɗinta ya ninka na sauran sau uku. In saya?" Magidanci, Kano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Eriya ba ta san HD ba, wato hoton nan mai fitowa garau. Ƙarfe ne da aka yanka daidai da igiyar da ake son kamawa, aikinta kawai ta tattaro sigina daga iska ta zuba a waya. Ko siginar ta tsohon tsari ce ko ta dijital, ko hoton da ke cikinta garau ne ko dishi-dishi, ba ruwanta. Eriyar nan mai haƙarƙari da ke saman gidajen unguwarku tun ARTV tana amsa sunan CTV za ta kama duk abin da ta cikin kwalin za ta kama. Sau da yawa ma ta fi ta, domin ita a waje take, kuma a sama.

Dish da eriya hanyoyi biyu ne da ba su haɗu ba. Dish na kallon tauraron ɗan adam da ke can sama, nisan kusan kilomita 36,000. Duk tashar da ke son ta iso ka ta nan, sai ta kama hayar gurbi a tauraron, ko kuma kamfanin da kake biya ya yarda ya ɗauke ta cikin jerinsa. Hayar nan da kuɗin waje ake biyanta, shi ya sa tashoshin jihohi da yawa ba sa hawa, waɗanda suka hau ɗin ma wani lokaci su sauka. NTA da kake gani a dish ta ƙasa baki ɗaya ce, ba ita ce mai kawo maka sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Kano ba. Ita tashar gari daga hasumiyarta take watsa shiri, a nan ƙasa, kuma eriya ce kaɗai ke jin ta. Saboda haka tunaninka na ƙara eriya daidai ne. Mai shagon ne ya so ya ɗora maka abin da ba ka buƙata.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani game da iskar Kano kafin ka hau tsani. A 2006 aka yi yarjejeniya a Geneva cewa ƙasashen yankinmu za su bar tsohon tsarin watsa talabijin su koma dijital zuwa 17 ga Yunin 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara da Jos a Afrilun 2016, sai Abuja a Disambar shekarar, Ilorin da Kaduna a Disambar 2017, Legas a Afrilun 2021, Kano kuma a Nuwamban 2021. Tsarin da aka zaɓa shi ne DVB-T2. Aikin ya tafi da tsalle-tsalle, don haka abin da ke yawo a iska kashi uku ne. Akwai tashoshin da ba su kashe tsohuwar na'urarsu ba, waɗannan kowace talabijin na kama su kyauta. Akwai na dijital da ke ƙarƙashin FreeTV, waɗanda aka tsara su da akwatinsu na musamman da ɗan kuɗin shekara. Sannan akwai GOtv da StarTimes ta eriya, su ma DVB-T2 ne, amma a kulle suke sai da dikodarsu da kuɗin wata.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka duba bayan talabijin ɗin, za ka ga wata kafa zagayayya da aka rubuta ANT ko RF a gefenta. Ka duba kwalin ko takardar da ta zo da ita, ka ga ko an rubuta DVB-T2. Sannan ka ari eriya a wurin maƙwabci, ko da irin wadda ke zuwa da dikodar GOtv ce, domin ita ma eriyar UHF ce kamar kowace, wato mai kama zangon igiyar da yawancin tashoshin talabijin ke amfani da shi. Ka ɗaga ta sama da kwanon gidanka, ka juya ta inda na maƙwabta ke kallo, ka sa talabijin ta yi bincike sau biyu, ɗaya a ɓangaren ATV na tsohon tsari, ɗaya a DTV na dijital. Abin da ya fito shi zai gaya maka abin da za ka saya. In tashoshin da kake so sun fito, ka sayi eriyar waje mai sauƙin kuɗi da waya mai kyau, magana ta ƙare. In sunayensu sun fito amma allon ya ce a kulle suke, akwati kake buƙata, kuma kafin ka biya ka sa mai sayarwa ya kunna maka shi a shago ka ga tashar da idonka. Kada ka yarda da jerin da aka buga a jikin kwali, jerin tashoshi na canzawa, kwali ba ya canzawa.

Haɗawar ba wuya. Dikodar dish na shiga ta HDMI, eriya na shiga ta ANT, maɓallin Source ko Input a rimot ne zai riƙa kai ka daga wannan zuwa wancan. Ba ka buƙatar cire komai.

Abu na ƙarshe, don kada ranka ya ɓaci ranar sallah: komawa dijital ba ya nufin komawa HD. Hoton da aka saba watsawa a nan layi 576 gare shi, na HD kuwa 720 ko 1080. In tasha da layi 576 take fitar da shirinta, ba eriya ko akwatin da zai ƙara mata ko ɗaya, kuma allo mai inci 55 ba ya rufa wa kowa asiri. Dawakin za su fito, amma ba za ka ƙirga zaren rawani ba. Ja kujerarka baya kaɗan, hoton zai fi daɗin ido.

"Malam, barka da aiki. Yarana suka matsa na koma biyan babban tsari wai don mu samu HD. Wata uku ke nan, ni ban ga bambanci ba, fuskokin mutane ma sai suka yi faɗi. Yanzu sun ce talabijin ɗin ce, a sayi mai 4K. Kuɗin fansho ne, Malam." Hajiya, Kaduna.

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada a taɓa kuɗin fansho. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya leƙa bayan talabijin ya gaya miki wace waya ce ta taso daga dikoda. In mai kai uku ce, ja da fari da ruwan ɗorawa, to an kama ɓarawon. Wannan wayar ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan, komai tsadar abin da kike biya. Hoton na isowa dikoda da kyansa, ita ke rage shi kafin ya kai allo. A sayi wayar HDMI, kuma ba sai mai tsada ba. Tsakanin dikoda da talabijin da ke kan teburi ɗaya, ta talaka da ta mai kuɗi hoto ɗaya suke bayarwa.

In kuma dikodar ba ta da kafar HDMI sam, tsohuwa ce, ita za a canza, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na sabuwar talabijin ba.

Bayan an sa wayar, a shiga saitin dikoda a tabbatar tana fitar da hoto a kan 1080, domin wasu suna nan a kan 576 tun ranar da aka kunna su. Faɗin fuska kuma daga saitin girman hoto yake: a sa dikoda da talabijin duka a kan 16:9, tsofaffin shirye-shirye kuma a bar su da baƙin gefensu maimakon a ja su su cika allo. Mutane ba sa son ganin baƙin gefen nan, sun gwammace kowa ya koma mai kumatu.

Ki kuma lura da abin da kike kallo. In yawancin lokacinki a kan tsofaffin finafinan Hausa da tashoshin wa'azi yake, da yawansu ba da HD aka ɗauke su ba, ba kuma da shi ake watsa su ba. Babban tsarin da ake biya yaran yake yi wa aiki, saboda ƙwallo. Wannan maganar cikin gida ce, na bar muku ita. Batun 4K kuwa, allonta na da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, amma kusan duk abin da dish ke kawowa a nan bai wuce 1080 ba. Ranar da wannan talabijin ta mutu, a sayi wadda aljihu ya iya. Kafin nan, waya ce maganin.

"Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye, tsakaninmu da babban birnin jiha ya fi kilomita 80. Na kafa eriya a kan gora, na sa busta. Wani lokaci da dare hoto ya zo, da rana ya daskare ya farfashe. Ma'aunin sigina na nuna 90, amma ba kallo. In sayi busta mafi ƙarfi, ko in haƙura in koma dish? Ba ni da halin biyan wata-wata." Malami, Jigawa.

Malam, sannu da ƙoƙari. Ma'auni biyu ne a allon, kai na sama kake kallo. Na sama ƙarfin sigina ne, na ƙasa ingancinta, kuma na ƙasan ne ke kawo hoto. Busta kamar lasifika take: in mai magana muryarsa ta dishe, lasifika ba ta gyara ta, dishewar take ƙara wa ƙara. Shi ya sa kake ganin 90 a sama, ƙasa kuwa ba komai. Busta na da amfani idan eriya ta kama sigina mai tsabta amma wayar ta yi tsawo, ko za a raba wa ɗakuna biyu ko uku. Ko a nan ma a sama ake ɗaura ta, kusa da eriya, ba a bayan talabijin ba.

Matsalarka nisa ce. Igiyar UHF a miƙe take tafiya, duniya kuwa a lanƙwashe take. In hasumiyar tasha ta kai mita 150, eriyarka kuma tana kan mita 10, iyakar inda za su ga juna a fili marar tudu bai wuce kilomita 60 da 'yan kai ba. Kai kana bayan wannan iyaka. Abin da kake samu da dare kyautar yanayi ce, iska in ta yi sanyi takan lanƙwaso sigina ta wuce inda ta saba tsayawa, rana na fitowa ta janye. A tsohon tsari, mai nisa na samun hoto mai yayyafi ya lallaɓa ya kalla. Dijital ba ta da wannan sassaucin, ko ta zo cif ko ta farfashe.

Za ka iya ƙara tsawon sanda, ka sayi doguwar eriya mai haƙarƙari da yawa, ka canza waya zuwa RG6 mai kauri ba tare da ƙulli a tsakiya ba. Da a ce kilomita 50 ne, da wannan zan ce ka yi. A 80, ina ganin asarar kuɗi ce.

Ka koma dish, amma na kyauta. Akwai tashoshi da yawa da ake watsawa a buɗe, ba kati ba kuɗin wata, ciki har da na Hausa da na addini da na labarai. Abin da za ka saya shi ne faranti mai santimita 90 ko mita ɗaya, da LNB, wato ɗan kan da ke gaban faranti yana karɓar sigina, da resiba da aka rubuta DVB-S2 a jikinta. Ka nemi wadda ke karanta sabon tsarin matse hoto na H.265, ba tsohon H.264 kaɗai ba, domin akwai tashoshin da suka koma can, tsohuwar resiba sai ta ba ka murya ba hoto. Taurarin da masu saiti suka fi juyawa gare su a yankinmu sun haɗa da Eutelsat da ke digiri 16 gabas, da Astra a 28.2 gabas inda tashoshin Ghana suke, da Badr a 26 gabas, da Nilesat a 7 yamma. Biyun ƙarshe, masu tashoshin Larabawa da na Harami, sun fi son babban faranti. In kana son tauraro fiye da ɗaya, ana ƙara LNB a haɗa su da ɗan makunnin da ake kira DiSEqC.

Ka rubuta sunayen tashoshi biyar da ba za ka iya rayuwa ba su ba, ka miƙa wa mai saiti, ka ce sai ka gan su a allo za ka cika masa kuɗinsa. Ka sani kuma tashar kyauta ba ta yi maka alkawari ba, tana iya canza mita ko ta ƙaura, sai an sake bincike. Tashar jiharku wataƙila ba za ta samu ta nan ba, labaran gida sai ka haɗa da rediyo.

Wani zai zo maka da resibar da ya ce tana buɗe duk tashoshin ƙwallo har abada in ka sa mata data. Satar sigina ce, kuma ranar da aka toshe ta ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

"Gidan haya nake, a bene. Mai gida ya ce rami ɗaya ya yarda a huda, kuma wayar dish ta riga ta cinye shi. Wani ya ce in sayi abin raba waya in haɗa eriya da dish su shigo tare. Zai yi?" Ma'aikaciya, Abuja.

Zai yi, 'yar'uwa, amma ba da abin raba waya na gama-gari ba. Wanda kike nema sunansa diplexer, kuma guda biyu za ki saya. Kamanninsu ɗaya da na rabawa, shi ya sa ake sayar wa mutane wannan a madadin wancan. Ki duba rubutun jiki: ƙafa ɗaya SAT, ɗaya ANT ko TV, ta ukun ita ce ta haɗaka.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa shi ne kowannensu da layinsa a cikin wayar. Siginar eriya ba ta wuce megahaz 862, wadda LNB ke saukowa da ita kuma daga 950 take farawa zuwa 2150. Diplexer na farko a waje zai haɗe su, na biyu a ɗaki zai raba su, SAT ta tafi dikoda, ANT ta tafi talabijin. Kada a juya ƙafafun, domin dikoda na tura wutar bolt 13 ko 18 zuwa LNB, kuma ta ƙafar SAT kaɗai wutar ke wucewa. Saboda wannan dalilin, eriyar da ke jiran wuta ta cikin waya ba za ta samu ba, sai ki zaɓi marar busta. A Abuja da wuya ki buƙace ta.

In dikoda biyu ne a gidan da aka haɗa su da juna, ki kira mai saiti ya duba kafin a taɓa wayar. In kuma ba kya son duk wannan, akwai 'yar gajeriyar waya mai faɗi da ake bi da ita ta ƙasan taga a rufe a kanta. Mai gida ba zai ga rami ba.

"Gaisuwa daga Bronx a New York. Ina da dish a nan, amma kwanaki wata babbar tashar gari ta ɓace daga jerin na tsawon makonni, ga kuɗi suna ci. Abokin aikina ya ce shi da eriya yake kallon tashoshin gari kyauta, kuma hotonsa ya fi nawa. Gaskiya ne? Sannan ina so in aika wa Baba talabijin irin tawa zuwa Kumasi." Ɗan Zango, Amurka.

Gaskiya abokinka ya faɗa, ɗan'uwa, kuma a nan labarin ya sha bamban da na gida. Amurka ta kashe tsohon tsarin manyan tashoshinta tun 12 ga Yunin 2009. Tashoshin gari na ABC da CBS da NBC da Fox da PBS duk suna watsa HD a iska, a buɗe, ba akwati ba kuɗin shekara. CBS da NBC da 1080 suke fita, ABC da Fox da 720. Kamfanin dish yakan karɓi wannan hoton ya ƙara matse shi don ya samu gurbin cusa ɗaruruwan tashoshi, shi ya sa mai eriya kan ga hoto ya ɗan fi kaifi.

Ɓacewar da ka gani kuwa rigimar kuɗi ce. Kamfanonin dish na biyan masu tashoshi kafin su ɗauki shirinsu, in yarjejeniya ta ƙare ba a daidaita ba sai a cire tashar. An yi haka tsakanin kamfanin dish na DirecTV da Nexstar mai tashoshin gari da yawa a 2023, aka shafe fiye da wata biyu, aka sake yi da Disney a Satumbar 2024. Mai eriya bai ma san ana yi ba. Ƙari a kan haka, kowace tasha na da ƙananan tashoshi a ƙarƙashinta, irin su 4.2 ko 7.2, waɗanda dish ba ya cika ɗauka.

Kai da ke Bronx kusa kake, domin daga saman Empire State da One World Trade Center ake watsa yawancinsu. Ka fara da eriyar ɗaki mai araha, ka manna ta a tagar da ke kallon Manhattan. Ka tabbatar tana kama zangon igiyar VHF, ba UHF kaɗai ba, saboda tashar ABC ta 7 da wasu na kan VHF, kuma faifan nan siriri da ake mannawa a bango bai cika kama su da kyau ba. Mai kunnuwa biyu dogaye ta fi. Kada ka kula da rubutun mil ɗari biyu da ake yi a kwali. Hukumar FCC, mai kula da harkar sadarwa a Amurka, na da taswira a intanet, ka sa adireshinka ta nuna maka tashoshin da za ka samu da inda za ka juya. Dokarta kuma, tun 1999, ta ba ɗan haya damar kafa eriya ko ƙaramin dish a wurin da shi kaɗai ke amfani da shi, kamar barandarsa, amma ban da rufin bene da bangon waje. In ka ga tashoshin gari su ne yawancin kallonka, ka tambayi kamfaninka ko za a cire su daga lissafi a rage maka kuɗi.

Talabijin ɗin Baba kuwa, kada ka aika. Ta Amurka da tsarin ATSC take kama tasha, Ghana da Najeriya da Nijar kuwa DVB-T2 ne. In an sa mata eriya a Kumasi ba za ta ga ko tasha ɗaya ba. Wasu ma wutar bolt 120 kaɗai suka sani, ta gida kuwa 230 ce, kuma akwai waɗanda ke ƙin hoton dikodar gida ko ta HDMI, saboda namu hoton sau 50 yake sauyawa a daƙiƙa, nasu sau 60. Ga kuɗin jirgi da na kwastan, ga fargabar fashewar allo. Ka tura kuɗin a saya masa a can, mai DVB-T2 a ciki, da takardar garanti da za a iya komawa da ita shago.

"Ina Maradi, ina da Canal+. In na sa eriya zan kama Télé Sahel ba tare da abonoma ba? Kuma zan iya kama tashoshin Katsina?" Ɗan kasuwa, Maradi.

Alhaji, Nijar ma DVB-T2 ta ɗauka don TNT, wato talabijin ta dijital da ake kamawa da eriya, saboda haka in talabijin ɗinka na da shi a ciki, eriyar waje kawai za ka ƙara ka yi bincike. In ba ta da shi, ƙaramar dikodar TNT ta wadatar. Amfanin haka shi ne ranar da abonoma ya ƙare gidan ba zai yi shiru ba.

Katsina kuwa kada ka sa rai. Igiya ba ta san iyakar ƙasa ba, amma ta san nisa, kuma abin da na gaya wa malamin Jigawa ya shafe ka. Wani dare za ta iya leƙowa, ba abin da za ka kashe wa kuɗi ba ne.

"Da hadari ya haɗu sai dish ɗina ya ɗauke, tun kafin ruwa ya sauka. Na maƙwabcina kuwa sai ruwa ya yi ƙarfi sosai. Kamfani ɗaya muke biya. An cuce ni ne?" Matashi, Zariya.

Ba a cuce ka a kamfani ba, ƙanena, saitinka ne ke kan gaɓa. Siginar da ƙananan farantai ke kamawa tana tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwa na shanye ta. Kowane dish zai ɗauke in ruwa ya kai ruwa. Bambancin shi ne rarar da kowa ke da ita. Wanda ingancin siginarsa ke kan 80 da rana tsaka yana da abin da hadari zai ci ya rage. Wanda ke kan 50 kuwa, gajimare mai nauyi ya ishe shi.

Ka duba naka ma'aunin ranar da gari ya yi garau. In yana ƙasa, ka kira mai saiti ya sake daidaita farantin, ya murɗa LNB a mazauninsa har ingancin ya kai iyakarsa, ya ɗaure kusoshi, domin iskar farkon damina na karkatar da faranti ba tare da ido ya gani ba. Ya duba kan wayar da ke waje, in ruwa ya shiga ya yi tsatsa a yanke a sa sabo a naɗe. Ka duba ko bishiyar da ke gaban farantin ta ƙara tsawo tun bara. In duk an yi wannan bai isa ba, ka bar mai santimita 60 ka koma mai 90.

Eriya ba ta cika damuwa da ruwa ba, don haka mai ita yakan ci gaba da kallon tashar gari lokacin da dish ya ɗauke. Amma in ana walƙiya da tsawa, wannan ba lokacin kallo ba ne. Sandar ƙarfe da ta fi komai tsawo a gida tana buƙatar waya mai kauri daga gindinta zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa, kuma kada a kafa ta inda in ta faɗi za ta taɓa wayar lantarki. In hadari ya taso da tsawa, ka zare filogi daga bango, ka kuma zare wayar eriya da ta dish daga bayan na'urorin, domin kashewa da rimot ba ya raba su da abin da ke saman rufi.